Layi Na Talatin Da Huɗu

Ku matso kusa. Ke Jummala, kife wayar nan, haskenta yana damuna. Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Mutumin da abin ya faru da shi kun san shi, kuna gaishe shi kullum. Malam Lurwanu ne, na ofishin noman rani a Kwarin Gawo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lokacin yana sabon ma'aikaci, kai cike da boko, takalmi kullum a goge. Aka ba shi kujerar Malam Dayyabu, wanda Allah ya yi wa rasuwa da kaka. Aikin kujerar guda ɗaya ne, jadawalin ruwa.

Ruwan dam yana bin kanal daga shida na safe zuwa shida na yamma, kwana bakwai. Manoma arba'in da ɗaya ne, kowa awa biyu a mako. Jadawali ya ce wane, ƙofar ruwa kaza, lokaci kaza, sai Baba Gambo mai makullai ya je ya buɗe. Mutanen wurin za su iya yafe maka zagi, amma minti goma na ruwansu, har kabari.

Malam Dayyabu ya tsara jadawalin a wata tsohuwar kwamfutar tebur, mai gurnani kamar injin markaɗe. Kowane manomi da layinsa. A kowane layi akwai fomula, wato ɗan lissafin da ke duba lokacin da na sama ya gama, ya ɗora nasa a kai. Haka suke a jere, kowa riƙe da rigar na gabansa. Shekara da shekaru abin bai taɓa tuntuɓe ba.

Sai aka kawo wa ofis sabuwar laftof, da sabuwar manhaja a ciki. Oga ya ce a kwashe komai a mayar can, a fitar da jadawalin bana kafin Lahadi, tsohuwar kuma a kai ta sito.

Lurwanu ya kwafi fayil ɗin a filash. Ya buɗe a laftof.

Daga sama lafiya lau. Amma layuka takwas na ƙarshe babu lokaci ko ɗaya. Maimakon lokaci, kowane akwati ɗauke yake da alamar kuskure, irin mai kama da ɗan tsani ɗin nan.

Ya koma tsohuwar ya duba. Komai daidai. Ya dawo sabuwar. Tsani takwas.

Ya ce ko filash ne, ya sake kwafa. Ya ce ko waƙafi ne, tunda wata manhajar waƙafi take so a cikin fomula, wata kuma waƙafi mai ruwa. Ya canza, a banza. Ya adana fayil ɗin a sabon tsari, ya rufe, ya buɗe. Suna nan, sun zuba masa ido. Tun hantsi yake abu ɗaya har la'asar ɗin Alhamis, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da girman kan ya ƙare, sai ya kira abokinsa Nafi'u, wanda ke koyar da kwamfuta a birni.

"Mutumina, daina yawo," in ji Nafi'u. "Irin wannan kuskuren gadonsa ake yi. Je ka inda ya fara, ka duba na samansa."

"Na saman lafiyarsa ƙalau. Layi na talatin da uku."

"Wanda ya fara lalacewa fa?"

"Talatin da biyar."

"To ina talatin da huɗu?"

Lurwanu ya sake dubawa. Ya kai fuskarsa kusa da allon. A gefen hagu, inda lambobin layuka suke, talatin da uku ce, sai talatin da biyar. Tsakaninsu wani ɗan siririn zare.

"Ɓoye shi aka yi," in ji Nafi'u. "Fito da shi."

Ya fito da shi. A wurin suna an rubuta: Masu wuri. Ƙofa ta tara. Juma'a, sha biyu zuwa biyu na rana. A akwatin awa akwai biyu kamar ta kowa, sai dai ta kowa ta jingina da dama, wannan ta raɓe a hagu, da wata 'yar alama a gabanta.

Nafi'u ya yi dariya da ya ji. "Tsohon nan gwani ne. Ya sa wa biyun alama ta zama rubutu, ba lamba ba, don kada ta shiga jimillar da manya ke dubawa. Tsohuwar manhaja tana kau da kai, ta ɗora lokacin ta wuce. Wannan taka ba ta san kara ba. In ba lamba ba ce, sai ta tsaya."

"Yanzu me zan yi?"

"Ko ka cire alamar, su shiga lissafi kowa ya gan su. Ko kuma in ba kowa ba ne, goge layin, ka jawo fomular sama ta sauko. Su waye masu wuri?"

"Ba kowa ba ne," in ji Lurwanu.

Ya san ƙofa ta tara. Babu gona a bayanta. Ƙaya ce da sabara, da wani tsohon gawo a cikin kwari. Kowa ya ɗauka giɓin da ke takarda ranar Juma'a na masallaci ne. Ashe ruwa ake saki daji.

To ga inda zuciya ta shigo. Lurwanu yana da gonar gado a can ƙarshen kanal, wadda ba ta cikin jadawali. Mahaifinsa ya mutu yana neman a sa shi, bai samu ba. A shekarar Lurwanu ya dasa albasa, yana ba ta ruwa daga wata rijiya da ta fara ƙafewa. Awa biyu a mako, ga su nan ana zubar wa ƙaya. Ni ban ce mugu ba ne. Ku ma da kun zauna a kujerar, ban san abin da za ku yi ba.

Ya goge layin. Ya jawo fomula. Tsanin nan takwas suka ɓace, lokuta suka fito tsaf, kowa ya matsa sama da awa biyu. A ƙasa, yammacin Asabar, wuri ya buɗe. Ya rubuta sunansa.

Da Baba Gambo ya karɓi sabuwar takarda, ya daɗe yana bin ta da yatsa. Ba ya karatun boko sosai, amma ya san lambobi, ya kuma san inda giɓi yake.

"Ɗana, ina Juma'a?"

"Ga ta nan, Baba. An cike ta."

"Malam Dayyabu bai gaya maka ba?"

"Ban same shi da rai ba."

Tsohon ya rage murya. "Kafin a yi dam, akwai tafki a kwarin nan. Ba ya ƙafewa. Da aka tare ruwa ya ƙafe. Shekarar farko ma'aikata uku suka kwanta, ba a san ciwonsu ba. Sai dattawa suka je gindin gawo aka yi magana. Awa biyu, ranar Juma'a, lokacin da mutane suka janye. Mu muka same su a wurin, ɗana."

"Baba, ruwan gwamnati ne. Ni takarda nake bi."

Baba Gambo ya ninke takardar. Ya zare makulli ɗaya daga cikin damin da ke ƙugunsa, ya ajiye a kan teburin Lurwanu, ya fita. Ko sallama bai yi ba.

Lahadi ta wuce. Litinin ta wuce. Aka ɗauke tsohuwar kwamfuta aka kai sito, a hanya ta suɓuce daga hannun masu ɗauka, ba ta sake tashi ba. Lurwanu bai damu ba.

Ranar Juma'a, sha biyu daidai, 'yarsa Barira tana wasa a tsakar gida. Shekararta biyar. Ita kaɗai gare shi, in ya dawo aiki ita ke cire masa hula. Ta ajiye 'yar tsanarta ta ce, "Umma, ruwa."

Na'ima, matarsa, ta ba ta kofi. Ta shanye.

"Umma, ruwa."

Ta ƙara mata. Ta shanye. Kofi na biyar Na'ima ta tsaya tana kallonta. Cikin yarinya ya cika tam, amma leɓenta a bushe yake kamar ba ta ga ruwa ba tun jiya.

Ranar Asabar albasar Lurwanu ta sha ta ƙoshi. A ranar leɓen Barira ya tsage.

Suka kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka duba sukari, aka duba komai. Likita ya ce bai ga abin da zai kama ba. Aka sa mata ƙarin ruwa, leda bayan leda, jikin yana sha kamar rairayi. Aka kawo rubutu, aka yi tofi. Zuwa Laraba ta daina kuka, don babu hawayen. Muryarta ta koma raɗa, kalma ɗaya take faɗa.

Kuna tsammani bai tuna da layin ba? Ya tuna. Duk sanda ya tuna sai ya ce wa kansa ai shi mai ilimi ne, ciwo daban, jadawali daban. Tsoro ne ya hana shi yarda, don in ya yarda, to shi ne ya yi wa 'yarsa.

Juma'a ta zagayo. Ya bar Na'ima a bakin gado, ya tafi ofis neman takardar hutu. Ya isa sha biyu ta ɗan gota. Kowa ya tafi shirin masallaci. Babu wuta, fanka a tsaye. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Makullin nan yana kan tebur inda aka bar shi.

Sai aka yi sallama.

Ya amsa. Wani dogon dattijo ya sunkuyo ya shigo, da farar riga da ta sha ƙura. Ya zauna a kan benci kusa da randar ofis. Bai miƙa hannu ba.

"Malam, an ce an gyara takarda."

Lurwanu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, bai san dalili ba. Sai da mutumin ya sake magana ya gane. Bakin yana motsi, ya rufe, sannan muryar ta iso.

"An ce an gyara."

"An... an gyara, Baba. Daga wace gona?"

"Ƙofa ta tara."

Idon Lurwanu ya sauka ƙasa. Ba takalmi. Ƙafafun ba fata ba ce a jikinsu, laka ce busasshiya, ta daddare kamar gindin tafki a bazara. A cikin wata tsaga, kusa da babban yatsa, ya ga ɗan mitsitsin kifi a bushe. Tun daga bakin ƙofa har benci, garin ƙasa ne ya zuba a inda ya taka.

Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa yana sarƙewa. Dattijon ya jira shi. Da ya kakare a tsakiya, sai dattijon ya ɗora masa, ya kai ƙarshe.

"Mu ma muna karantawa," in ji shi. "Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Ga... ga ruwa a randa, Baba."

"Babu."

Kullum da safe ake cika randar nan, Lurwanu ya sani. Ya leƙa. Ƙasanta a bushe, har da yanar gizo.

"Muna da yara goma sha ɗaya," in ji dattijon. "Ƙishirwarsu ta yi musu yawa. Sai muka nemi mai taya su ɗauka. Tana da ƙoƙari, 'yar taka. Amma ita ɗaya ce. Ba za ta kai biyu na rana ba."

Lurwanu ya zabura ya wawuri makulli. "Yanzu zan buɗe! Wallahi yanzu!"

"Zauna."

Ƙafafunsa suka zaunar da shi.

"In ka buɗe ba rubutu, sadaka ka ba mu. Gobe wani ya hana. Ba sadaka muke nema ba. Mayar da mu inda ka same mu."

Ya buɗe laftof. Cajin ya kusa ƙarewa, alamar ta yi ja. Ya danna a koma baya, babu abin da ya koma, ai ya riga ya adana tun mako biyu da suka wuce. Ya nemi tsohon fayil a filash, ashe ya ɗora sabon a kansa. Tsohuwar kwamfuta kuma tana sito a mace. Dole ya gina layin da hannunsa.

Ya buɗa wuri a ƙarƙashin talatin da uku. Ya rubuta Masu wuri. Ya rubuta ƙofa ta tara. Ya zo akwatin awa, ya sa 'yar alamar nan, ya sa biyu, yadda Malam Dayyabu ya yi. Ya jawo fomula.

Tsani. Tun daga talatin da biyar har ƙasa.

Ya goge, ya sake. Tsani.

Bai ji tashin dattijon ba. Sai dai ya ji ƙanshin busasshiyar laka a bayan kunnensa.

"Dayyabu ɓoye mu ya yi. Mun yi masa uzuri, yana tsoron manyansa. Wancan tsohon akwatin nasa ya iya rufa asiri. Wannan bai iya ba." Muryar ta iso a makare. "Ƙirga mu."

Lurwanu ya cire alamar. Biyun ta tsallaka dama, ta tsaya a sahun 'yan'uwanta. Tsanin suka ɓace gaba ɗaya.

Amma a can ƙasa akwati ɗaya ya yi ja. Jimilla ta zama awa tamanin da shida, mako kuwa tamanin da huɗu gare shi. Layin ƙarshe ya faɗa bayan shida na yamma, lokacin da an rufe dam. Sunansa ne a layin.

Zai iya rage wa kowa minti uku, ba mai ganewa da wuri. Tunanin ya zo masa, ba zan ɓoye muku ba. Ya tuna albasar, saura mako uku a cire. Ya tuna mahaifinsa yana zarya a wannan ofishin da hularsa a hannu.

"Sha biyu da rabi ta wuce," in ji dattijon.

Ya goge sunansa. Jan ya ɓace. Ya danna adanawa, allon ya ɗauke, caji ya ƙare. Bai san ko ta shiga ba.

"Ta shiga. Ɗauki makulli. Ina bayanka, kada ka juyo."

Hanyar ƙofa ta tara siririya ce, tsakanin kanal da ƙaya. Ya kama ta da gudu. Babu kowa, duk gonakin wayam. Daga nesa yana jiyo lasifikar masallaci. A bayansa kuma yana jin taku, ƙaras, ƙaras, kamar ana taka fasasshen kasko. Da farko na mutum ɗaya ne. Da ya wuce ƙofa ta shida sai suka yi yawa. Wasu ƙanana ne, suna sauri don su cim ma manya.

Bai juyo ba.

Ya sa makulli, kwaɗon ya ƙi. Ya sake murɗawa har fatar yatsansa ta saɓule, sannan ya buɗe. Ya ɗaga ƙarfen. Ruwa ya kwararo, ya gangara kwari, ya nufi gindin gawo. Wani abu mai sanyi ya goge shi ta dama, wani ta hagu, ƙaya tana kaɗawa ba iska.

Sai ya ji ana sha. Maƙogwaro da yawa, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Wani ƙarami ya shaƙe ya yi tari, aka bubbuga masa baya. Ruwan yana isa gindin bishiyar yana ɓacewa, ko taki ɗaya bai wuce ta ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya kasa ɗauka sai a kira na biyu, don ya san abu biyu ne kawai za a gaya masa.

"Abban Barira," in ji Na'ima, tana kuka. "Ta ture kofin. Ta ce ta ƙoshi. Wai tuwo take so."

Nan ya durƙushe a bakin kanal ya yi kuka kamar yaro. Da ya ɗago, a kan ƙarfen ƙofar an ajiye ɗan ƙaramin kifi, mai rai, yana numfashi a cikin ɓawon kwakwar giginya cike da ruwa. Ya kai shi gida ya saka a rijiya. Rijiyar gidansu ba ta sake ƙafewa ba, kun dai ga yadda unguwa ke layi a ƙofarsu da bazara.

Albasar kuwa ta ƙone ƙurmus. Gonar tana nan har yau, ba ta sake ganin ruwan kanal ba. Oga ya ga layin a takarda, ya kira shi ya tambaye shi su waye masu wuri. Lurwanu ya ce a je a tambayi Baba Gambo. Oga ya je. Da ya dawo bai sake ta da maganar ba.

Kuna cewa shi ke nan? Ke Jummala, kin taɓa tambayar kanki me ya sa Malam Lurwanu yake kujera ɗaya shekara goma sha ɗaya? Sau uku ana ba shi ƙarin girma zuwa birni yana ƙi. Sau huɗu ana canza musu manhaja. Duk ranar da aka kawo sabuwa, ba ya barin kowa ya taɓa fayil ɗin. Shi zai buɗe, ya gangara talatin da huɗu, ya tabbata biyun tana dama. Mutane suna cewa ba shi da buri.

Ba buri ya rasa ba. Masu wuri sun sauke wa yarinyar kayan, amma ba su saki igiyar ba.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi hanyar ƙofa ta tara shi kaɗai da tsakar ranar Juma'a, ko akuyarku ce ta ɓata a can. In kuma wata rana an ba ku aikin wani, kuka ga lamba ta tsallake lamba, ku nemi tsoho ku tambaya kafin ku goge.

Gobe Juma'a. Barira za ta shigo koyon ɗinki wurin Innarku, kamar kullum. In sha biyu ta yi, ku dube ta da wutsiyar ido. Za ta ajiye allura. Za ta lashi leɓenta, ta juya fuska wajen dam, ta yi shiru. Kada ku ba ta ruwa, ba zai yi mata komai ba. Ku jira kawai, har babanta ya kai ƙofa ta tara ya buɗe.